Karatun ruwan sha a waje: duba darussan kafin sunan jami'a

Ƙanena, ka ce ka gama digirin farko, kana so ka fito waje ka karanta yadda ake samar wa ƙauyuka da unguwannin marasa galihu ruwan sha mai tsafta, kana tambayar inda za ka nufa. Kada sunan kwas ya ruɗe ka. Yawancin kwasa-kwasan injiniyan ruwa a Turai an tsara su ne don manyan matatun birane, inda wuta ba ta ɗaukewa kuma kowane gida da famfonsa. Wannan ilimi ne mai kyau, amma ba shi zai gyara maka famfon tuƙa-tuƙa da ɗaruruwan mutane suka dogara da shi ba.

Wuraren da suka yi suna a ɓangaren da kake so sun haɗa da IHE Delft a Holan, da cibiyar WEDC ta Jami'ar Loughborough a Ingila wadda ke aikin tun 1971, da Jami'ar Cranfield ita ma a Ingila, sai cibiyar 2iE a Wagadugu ta Burkina Faso idan kana jin Faransanci. Ka buɗe jerin darussan kowanne. In babu aikin ɗakin gwaji da fita fili, ka wuce.

Gwajin ruwa shi ne abin da dole ka dawo da shi a hannunka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashi ya gurɓata ruwa, ko ɗaya a mililita 100. Ana ɗibar ruwan a tsaftatacciyar kwalba, a sa cikin ƙanƙara, a gwada kafin awa shida, a tace shi, a ajiye matacin a zafin digiri 44 na kusan awa 18 sannan a ƙirga ɗigon ƙwayoyin da suka tsiro a kansa. Nan ɗalibai suke yawan faɗuwa: idan ruwan na da kilorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba a kashe ƙarfinsa a cikin kwalbar ba, yana ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, sai sakamako ya fito fes alhali ƙarya ne. Kilorin kuwa ana so ya rage miligiram 0.5 a lita bayan minti 30, kuma kada ya gaza 0.2 inda ake ɗiba. Idan ruwan ya yi laka har ya haura NTU 5 a ma'aunin duhun ruwa, sai an kwantar da shi da alif ko an tace, in ba haka ba lakar ta shanye maganin.

Ruwa garai-garai ma yana cutarwa. Akwai sinadarai masu illa da ba a gani da ido: iyakar asenik maikurogiram 10 ne a lita, fuloraid miligiram 1.5. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse don gudun cututtukan gudawa, daga baya aka gano asenik a cikin da yawa daga cikinsu, kuma tafasawa ba ta cire shi.

Ka nemi malamin da ke bincike kan abin da ke faruwa bayan an ɗebo ruwa, domin sau da yawa a jarka da randa da moɗa yake lalacewa, ba a rijiyar ba. Haka batun wa zai sayi kayan gyaran famfo in ya mutu. A ganina wannan ya fi lissafin bututu wuya.

Maganar tallafi: Chevening na gwamnatin Birtaniya da shirin EPOS na hukumar DAAD ta Jamus duk suna neman shekara biyu ta aiki, kuma Chevening na sharɗanta ka koma gida shekara biyu bayan ka gama. Jami'o'in Ingila galibi suna neman maki 6.5 a jarrabawar Turanci ta IELTS. Kafin lokacin, ka yi darussan Eawag, cibiyar binciken ruwa ta Suwizalan, na kyauta a intanet kan tsaftace ruwan gida, ka koyi manhajar taswira ta QGIS da EPANET ta lissafin bututun ruwa, ka kuma samu aiki ko na sa-kai ne a wani aikin ruwa, don ka samu matsala takamaimiya da za ka rubuta a takardar neman gurbi.