Filin Tambaya da Amsa: Jinin maigidana hawa yake duk ranar da muka je asibiti

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali, Allah ya saka da alheri kan wannan fili. Dan Allah ki taimaka ki duba min wannan matsalar don wallahi ta hana ni bacci. Maigidana shekararsa 46, ɗan kasuwa ne, yana da ɗan jiki amma ba can ba. Wata biyu da suka wuce haƙori ya dame shi muka je a cire, da aka auna jininsa sai aka ga 178/106, suka ce ba za su taɓa haƙorin ba sai ya ga likita. Muka je wajen likita bayan kwana uku aka samu 184/110, nas ɗin har sai da ta sake aunawa ta kalle shi ta ce Alhaji ba ka jin komai? Ya ce shi garau yake. Zuwa na uku 172/102. To amma abin da ya ɗaure min kai shi ne in ya auna a kemis ɗin unguwarmu sai a samu 138/88, wata rana 142/90, shi ya sa yake cewa tsoron asibiti ne kawai, kuma gaskiya tun rasuwar mahaifinsu da ya yi jinyar shanyewar ɓarin jiki ba ya son ko warin asibiti, tun a mota za ki ga yana gumi yana ta danna waya.

Likita ya rubuta masa magani ya sha kwana huɗu ya ajiye, wai 'yan majalisarsu sun ce in ka fara ba ka dainawa har mutuwa kuma yana rage wa namiji ƙarfi. Yanzu zoɓo da tafarnuwa kawai yake sha. Yana cin goro sosai, yana shan diclofenac saboda ciwon baya, ga minshari kamar me. In na yi magana sai ya ce ina masa fata. Anti shin tsoro ne ko ciwo ne? Yarana huɗu babban ma bai gama sakandare ba. Dan Allah a sakaya sunana.

Daga wata baiwar Allah, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba maigida lafiya. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma abin da ya fi burge ni shi ne kin riƙe lambobin nan a kanki ɗaya bayan ɗaya, da yawa in an tambaye su nawa aka samu sai su ce “an dai ce ya hau”, to da wannan ba mai iya taimaka wa mutum.

Maganar maigida tana da ƙamshin gaskiya, ba ƙirƙira ya yi ba. Akwai abin da likitoci ke kira hawan jinin farar riga, wato mutum jininsa ƙalau yake a gida amma da ya ga farar rigar likita ya ji warin nan na asibiti sai gabansa ya faɗi, jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu jijiyoyi su tsuke, sai lamba ta haura. A 1988 wani likita mai suna Thomas Pickering da abokan aikinsa a birnin New York na Amurka sun bibiyi mutanen da awon asibiti ke nuna jininsu ya ɗan hau, suka ɗaura musu na'ura suna yawo da ita, sai ga kusan ɗaya cikin biyar jininsu daidai yake a waje. Mutumin da ya yi jinyar mahaifinsa a gadon asibiti har rai ya yi halinsa, ba abin mamaki ba ne in ƙafarsa na taka ƙofar wajen zuciyarsa ta tuna.

Ki ƙara da yadda muke zuwa asibitin ma. An fito tun da duku-duku ba karin kirki, an sha cunkoso, an yi layin kati an yi cacar baki da mai fayil, fitsari ya cika mara ba a samu banɗaki ba, ga goro a baki, sai a kira suna mutum ya shigo yana haki a ɗaura masa abin awo a kan hannun babbar riga yana magana ana aunawa. Kowanne cikin waɗannan yana ƙara lamba. Na taɓa auna wani bawan Allah mai kaurin damtse, abin ɗaurawar da kyar ya zagaye hannun har yana ɓallewa yana ƙara, muka samu lamba mai tayar da hankali, da na je na aro babba na bar shi ya zauna shiru ya huta sai ga lambar ta sauko sosai. Ƙaramin abin ɗaurawa a babban hannu ƙarya yake yi, kuma sama yake kai lamba.

To amma 'yar uwa ba zan ɓoye miki ba, ni hankalina bai kwanta da cewa tsoro ne kaɗai ba. Duba lambobin kemis ɗin da yake kafa hujja da su. Lafiyayyen awo shi ne ƙasa da 120/80, Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abu hawan jini daga 140/90, a awon gida kuma ana rage iyakar zuwa 135/85 tunda mutum a natse yake. Kinga 138/88 da 142/90 a wajen da ya saba, yana hira da mai kemis hankalinsa kwance, ai su ma sun taɓa iyaka. Abin da na fi zato shi ne akwai hawan jinin na gaske a ƙasa, tsoron asibiti kuma ya zo ya ɗora nasa a kai. Ga tarihin mahaifi, ga ƙiba, ga shekaru, ga minshari. Kuma “ni garau nake ji” ba hujja ba ce ko kaɗan, kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su ma san suna da shi ba, ciwo ne da yake cin ƙoda da zuciya da ido da ƙwaƙwalwa shiru ba ciwon kai ba jiri, sai ranar da aka wayi gari baki ya karkace. Ko wanda aka tabbatar nasa na farar riga ne zalla ba a sallamarsa a ce je ka, ana ci gaba da bibiya don da yawansu daga baya yana zame musu na dindindin.

Hanyar raba gardamar nan tana cikin ɗakinku. Ku sayi na'urar awo ta gida, irin wadda ake ɗaurawa a damtse ba ta wuyan hannu ba, ta kamfanin da aka sani kamar Omron ko Microlife, kafin ku saya ki ari tef ɗin tela ki auna kaurin damtsensa, in ya wuce santimita 32 to babban abin ɗaurawa za ku nema. Kwana bakwai a jere za a yi, safe da yamma. Da safe bayan ya yi fitsari kafin karin kumallo da magani, da yamma kafin abincin dare ko kafin kwanciya. Minti 30 kafin awo ba goro ba shayi ba kofi ba sigari. Ya zauna a kujera mai majingina ba a tabarma ya tanƙwashe ƙafa ba, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai saitin zuciya, a cire hannun riga, ya yi minti biyar shiru ba waya ba rediyo ba yara na hawa kansa, ke ma kar ki tsaya a kansa kina leƙen lamba kina salati don sai ki zame masa wata farar rigar. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya a rubuta duka a littafi da kwanan wata da lokaci. Ranar farko ana watsar da ita, sauran kwana shidan a haɗa a fitar da matsakaici. In ya kai 135/85 ko ya wuce to magana ta ƙare, hawan jini ne.

Sai dai kar kwana bakwan nan su zama dalilin ƙin komawa asibiti. Wanda aka samu 184/110 ba a barinsa ya yi wata da watanni, ku koma cikin satin nan ku gaya wa likita gaskiya cewa an daina shan maganin da kuma dalili, ku tafi da na'urar a gwada ta da ta asibiti. Ku tambaya ko suna da na'urar da ake ɗaura wa mutum ta awa 24 tana aunawa da kanta har cikin bacci, ita ta fi kowacce faɗin gaskiya, ana samunta a wasu manyan asibitoci. Sannan a yi gwajin fitsari, gwajin ƙoda, suga, kitsen jini, awon zuciya na ECG, a leƙa cikin ido. Waɗannan su ke nuna ko jinin ya daɗe yana ɓarna a ɓoye, tsoron minti goma a ɗakin likita ba ya kumbura zuciya.

Diclofenac ɗin nan dan Allah a tsaya da shi haka nan sai an ga likita. Shi da ibuprofen da danginsu suna riƙe gishiri da ruwa a jiki suna ɗaga jini suna wahalar da ƙoda, mutanenmu kuma sun mai da su kamar alewa. Haka wasu magungunan mura masu buɗe hanci, da dexamethasone, da lemukan ƙarin kuzari na gwangwani, da haɗe-haɗen maganin maza da na basir da ake sayarwa a gora ba wanda ya san me aka zuba. Ki tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya ki kai gaban likita. Minsharin ma ki faɗa, musamman in kina jin numfashinsa na ɗaukewa cikin bacci sai ya zabura ya ja iska, wannan kaɗai yana hana jini sauka.

Batun 'yan majalisa kuwa, shi ya fi min ciwo don na ga inda irin wannan shawarar ta kai mutane. Eh maganin hawan jini yawanci ana daɗewa ana sha, amma ba don jiki ya kamu da shi ba ne kamar ƙwaya, ciwon ne ba ya tafiya, maganin riƙe shi yake. Maganar ƙarfin namiji ma ba zan ce ƙarya ce gaba ɗaya ba, akwai wasu magungunan da kan taɓa wasu mazan, amma kala-kala ne ana canzawa, kuma shi hawan jinin da aka bari ba magani shi ne babban mai lalata jijiyoyin da ke kai jini wajen. Ya daure ya faɗa wa likita a sirrance ko da ke kin fita waje. Akwai ma binciken da aka yi a kan mutanenmu, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta aka fitar a 2019 a ƙasashe shida na Afirka, ya nuna haɗin magungunan hawan jini da ke da wani mai suna amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. Na faɗa ne don ki san akwai zaɓi, ba don a je kemis a saya ba.

Zoɓo yana ɗan taimakawa in ba a cika masa suga ba, ya ci gaba da sha, amma ba zai sauke 180 ba. Inda ke kike da iko shi ne tukunya. Gishirin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da yaji da kilishi da tsire da taliyar yara. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan kina ƙara daddawa da citta da albasa da tafarnuwa, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, kuma ki yi wa gidan duka kar ki ware masa kwano ya ji an mai da shi majinyaci. Tafiyar ƙafa ta minti 30 kwana biyar a sati, ko daga masallaci ya zagaya ta doguwar hanya bayan asuba.

Wannan kuma ki rubuta ki liƙa a bango. In kun auna a gida kuka ga 180/120 ko sama, ya huta minti biyar a sake, in bai sauka ba a ga likita a ranar. In kuma akwai ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko hannu da ƙafa na ɓari ɗaya sun yi nauyi, baki ya karkace, magana ta harɗe, gani ya dushe, ko matsanancin ciwon kai da ruɗewa, ba jira ba shafa mai ba kiran mai kemis, a sa shi a mota sai sashen gaggawa, kuma kar a ɗura masa ruwa ko maganin wani.

Yadda za ki shawo kansa, kin fi ni saninsa. Amma ni da ni ce ba zan ce masa Alhaji kana da hawan jini ba, cewa zan yi Alhaji ni ma ina ga tsoron asibitin ne, mu auna a gida sati ɗaya mu kai wa likita takarda ya gani da idonsa. Ki fara miƙa naki hannun a auna ki, ke ma kin kwana biyu ba bacci. In ya ƙi, ki samu yayansa ko wani amininsa da yake jin nauyi, wanda suka yi jinyar Baba tare. Ranar komawa ku je da wuri, ya yi fitsari, ya bar goron a mota, ki roƙi nas ta bar shi ya zauna minti biyar kuma ta sake aunawa a ƙarshen ganin likita. In kun cika kwana bakwan ki turo min lambobin mu duba tare.