Lamunin gwamnati bai rufe bashinka ba, Alhaji

Wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Dole ta Damagaram ya rubuto mini. Ya kai wa wani kamfanin ƙetare siminti da rodi na sefa miliyan 18, yau wata goma sha huɗu ko dala bai gani ba. An kwantar masa da hankali cewa bankin waje ne ya ba ƙasarmu rancen aikin da kamfanin ke yi, gwamnatin can kuma ta tsaya wa bankin.

Alhaji, wannan maganar ce ta sa ka zauna jira, kuma ita ta fi damuna. Irin wannan lamuni, wanda kamfanonin inshora na gwamnati irin su Sinosure ke bayarwa a Sin tun 2001, ko Bpifrance a Faransa tun 2017, banki yake karewa. In ƙasar da ta ci bashi ta kasa biya, a biya banki asararsa, sannan gwamnatoci biyu su zauna su sasanta. Sunanka ba ya cikin wannan takarda. Wanda ya karɓi kayanka shi kake bi bashi.

Lokaci yana cinka. A dokar OHADA, dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar ke ciki tun yarjejeniyar 1993, bashin sayar da kaya tsakanin 'yan kasuwa shekara 2 gare shi, in sun wuce ba ka kai ƙara ba, abokin shari'arka zai iya cewa wa'adi ya cika. Wata goma suka rage maka.

Ka tattaro rasit da takardun sauke kaya, musamman masu sa hannun mai kula da sito da hatimin kamfani. Na sha ganin mutum ya zo ofishina da littafi cike da lissafi, babu sa hannu ko ɗaya, sai jikina ya yi sanyi. Ka sa huissier, wato jami'in da ke kai takardun shari'a, ya kai musu takardar gargaɗi. In sun yi shiru, a nemi alƙali ya ba da umarnin biya, abin da ake kira injonction de payer; hanya ce gajera in bashin a rubuce yake kuma adadinsa sananne. In akwai alamar za su naɗe tabarma su tafi, a roƙi kotu ta riƙe kuɗinsu a banki tukuna. Dukiyar gwamnati kuwa doka ta hana a kama ta, kada wani ya karɓi kuɗinka da wannan alkawari.

Kafin komai, ka duba kwangilarku ko ta ambaci inda za a yi shari'a. In ta ce Damagaram, ka kawo mini takardun cikin makon nan.