Tambaya da Amsa: Wata 14 muna jiran shawarar lauyan gwamnati

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ƙanena ne aka kama bisa zargin fashi tun bara, yau wata 14 kenan yana gidan yari, duk zaman da aka yi a kotun majistare sai alƙali ya ce ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati, a ɗage. Mahaifiyarmu har hawan jini ya kama ta. Dan Allah wai mece ce wannan shawarar da ta ƙi zuwa? Daga wata 'yar uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya kuma bayyana gaskiya.

Laifi irin fashi da makami ko kisa majistare ba shi da hurumin yi masa shari'a, ajiye mutum kawai yake yi. 'Yan sanda su gama bincike, su tura fayil ma'aikatar shari'a, ofishin daraktan shigar da ƙara da ake ce wa DPP, can ne lauyan gwamnati zai karanta ya ce ko akwai hujjar kai mutum babbar kotu ko a sake shi. To a nan ake makalewa. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka, wato ACJA ta 2015, ta ba Antoni Janar na tarayya kwana 14 ya fitar da wannan shawara bayan fayil ya iso hannunsa, jihohi ma sun yi irin tasu dokar, Kano ta yi tata a 2019, amma a aikace kwana 14 ɗin nan sai ya zama shekara.

Wallahi ba kare su nake ba, amma na sha shiga irin ofisoshin nan na ga lauya guda da tarin fayil ɗaure da igiya har ƙasan tebur, da safe yana kotu da rana yana rubuta shawara, NEPA ta ɗauke wuta injin ba mai, kuɗin hoton takardu ma wani lokaci daga aljihunsa yake fita, ga shaidu da ba a ware kuɗin motar da za su zo ba, sai a yi ta ɗage zama. Wanda ya goge kuma da ya samu alƙalanci ko aikin da ya fi albashi sai ya tafi, gurbinsa ya daɗe ba a cike ba. Shi ya sa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Wannan abu yana ci min rai ƙwarai, a yi ta gina kotuna a bar masu shigar da ƙara ba ma'aikata ba kayan aiki.

Abu na farko, ki bincika ko fayil ɗin ma ya bar hannun 'yan sanda, don sau da yawa ana ta zagin ma'aikata alhali bai iso ba. Ki samo lambar shari'ar a wurin rijistaran kotu, ki je ofishin Legal Aid Council na jiharku, wato hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya, kyauta ne, su rubuta wa DPP takardar tuni su kuma nemi beli a babbar kotu saboda daɗewar da ya yi. Ki roƙe su su sa sunansa cikin waɗanda za a gabatar idan Babban Jojin jiha ya kai ziyara gidan yari. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi a fito da fayil kada ki ba shi ko sisi, ki faɗa wa lauyan.