Amsa: Zama a gidan tafi-da-gidanka a Ingila, zai yiwu?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗin haya ya ishe ka, kana son komawa filin gidajen tafi-da-gidanka ka zauna dindindin. Yana yiwuwa, amma kafin ka biya ko kwabo, nemi a nuna maka lasisin da ƙaramar hukuma ta ba filin.

Filayen iri biyu ne, lasisin ne zai nuna maka wane iri ne. Na hutu doka ba ta yarda ya zama ainihin gidanka ba. Masu filin za su nemi shaidar kana da wani adireshi, da yawansu ma rufewa suke yi na wasu makonni lokacin hunturu, to ina za ka kai iyali? Na zama kuwa, dokar gidajen tafi-da-gidanka ta 1983 ce ke kare mazauninsa, ba a fitar da kai sai da umarnin kotu. Sai dai gidan naka ne, ƙasar ba taka ba ce. Za ka ci gaba da biyan kuɗin hayar fili, in ka tashi sayarwa mai filin na iya ɗaukar har kashi 10 cikin ɗari. Wasu filayen kuma sai ka kai shekara 50.

Ka duba ɗumin gidan sosai. Na hutu ba a yi shi don sanyin Janairu ba, gas kaɗai zai cinye abin da ka rage.