Tambaya da Amsa: Cajin Baturin Motar Kwana daga Sola, Inji da Wutar Gari

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da bas ƙirar Toyota Hiace wadda na cire kujerunta na baya na mayar da ita ɗakin kwana, domin sana'ata ta ɗaukar bidiyo takan kai ni ƙauyukan da babu wutar lantarki. Na sayi baturin litiyam mai ƙarfin 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da baturi ke iya ajiyewa) saboda ƙaramin firji, fanka, fitilu da cajin kyamara, na kuma ɗora farantin sola mai wat 200 a kan rufi. Wani mai gyaran wutar mota ya ce in jawo waya kai tsaye daga baturin inji, wani kuma ya ce muddin na haɗa sola da inji da wutar gari, baturin zai kumbura. Maganar wa zan ɗauka?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikin shawarwarin biyu yadda aka ba ka su. Baturi ɗaya yana iya karɓar caji daga hanyoyi uku, ko da a lokaci guda ne, matuƙar kowace hanya ta bi ta na'urarta mai daidaita wuta kafin ta isa gare shi. Kowace caja tana auna ƙarfin wutar baturin da kanta, tana kuma rage abin da take turawa idan ya kusa cika, don haka babu wadda za ta ture wata.

Haɗarin gaske yana cikin shawarar farko. Baturin litiyam irin na LiFePO4 yana zuƙar wuta fiye da baturin ruwa da masu gyara suka saba da shi, kuma idan aka haɗa shi kai tsaye zai ja duk abin da altaneta, wato na'urar da ke samar da wuta a jikin injin mota, za ta iya bayarwa. Altaneta kuwa da fankarta take sanyaya kanta, saboda haka idan motar tana tsaye inji na aiki a hankali, ga zafin Afrilu, tana iya ƙonewa a inda babu mai gyara. Abin da ya dace shi ne cajar da ake kira DC-DC, wadda ake sanyawa tsakanin baturin inji da na ɗakin kwanan, wato na litiyam. Tana ƙayyade abin da za a ja, tana ba litiyam ƙarfin wutar da yake bukata, sannan tana yanke haɗin da zarar an kashe mota, ta yadda firji ba zai shanye baturin tayar da inji cikin dare ba. Mai amfiya 30 ta wadatar da kai, domin tuƙin awa biyu zai mayar maka da kusan 60Ah, wato fiye da rabin baturin.

Shi kuma farantin sola, ya bi ta kwantirola, wato na'urar da ke daidaita wutar faranti kafin ta shiga baturi, irin wadda ake kira MPPT. Kada ka sa rai da wat 200 cif, domin ana auna wannan adadi ne a zafin digiri 25, kuma faranti yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya ƙaru, alhali rufin mota da tsakar rana ya zarce haka nesa ba kusa ba. A rana mai kyau za ka samu kimanin 50Ah zuwa 60Ah, abin da zai iya riƙe firji da fitilu. A lokacin hunturu ƙura takan lulluɓe gilashin cikin kwana ɗaya, don haka ka riƙa share shi da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya. Wajen haɗawa, a fara jona kwantirola da baturi kafin a jona faranti, wajen cirewa kuma a fara da faranti.

Ta ɓangaren wutar gari ko janareto, caja mai amfiya 20 wadda aka yi ta domin litiyam ta isa. Janareton kuma ya zauna nesa da tagar motar saboda hayaƙinsa yana kisa.

Abubuwa biyu ne ya kamata ka tsaya a kansu da kanka. Na farko, a saita dukkan cajojin a kan ma'auni ɗaya, wanda ga LiFePO4 yakan kasance tsakanin bolt 14.2 da 14.6, kuma a kashe tsarin nan na daidaita ɗakunan baturin ruwa da wasu kwantirololi ke zuwa da shi, domin yana ɗaga wuta fiye da abin da litiyam ke jurewa. Na biyu, ka tara adadin amfiyar da za su iya turawa tare, ka gwada da abin da kamfanin baturin ya rubuta a takardarsa. Yawancin masu 100Ah ana so kada cajinsu ya wuce amfiya 50. Inji 30 da sola kimanin 14 sun ba da 44, wanda babu laifi, amma idan ka ƙara 20 na wutar gari ka haura iyaka, saboda haka ka cire filogi kafin ka tayar da mota.

A ganina, inda aka fi yin sakaci shi ne waya da fiyus, domin sirirriyar waya ce ke haddasa gobara a irin waɗannan motoci. Amfiya 30 a tazarar mita biyar tana bukatar wayar jan ƙarfe mai kaurin 16mm², kuma kowace wayar da ta taso daga jan kan baturi, wato mai alamar +, a sa mata fiyus dab da shi, a ɓangaren baturin inji da na ɗaki baki ɗaya. Inda waya ta ratsa ƙarfen mota a sa mata zoben roba, domin girgizar hanyar ƙauye tana goge bawonta sannu a hankali.

Batun kumbura da aka tsorata ka da shi yakan faru ne idan an yi caji fiye da kima ko kuma zafi ya yi yawa. Yawancin baturan litiyam ba a so a yi musu caji idan zafinsu ya haura digiri 45, kuma cikin motar da aka rufe a rana yana wuce hakan. Ka ajiye naka a ƙasa, ƙarƙashin gado inda iska ke ratsawa, nesa da inji, wanda a Hiace irin ta haya yake ƙarƙashin kujerun gaba, ka kuma ɗaure shi da madauri mai ƙarfi don kada ya riƙa motsi a kan hanya.