Tambayoyinku: Kwamfuta a Cikin Tsohuwar A-kori-kura

Makon nan wasiƙu uku cikin huɗu a kan mota suke, har na fara zargin an maida ni bakanike ban sani ba. To amma tunda yanzu har injin mota kwamfuta ke juya shi, ba ni da hanyar zillewa.

Tambaya: Malam, ina da tsohuwar Hilux mai injin 22R, ina ɗaukar albasa da ita daga Marwa zuwa Ngaundere. Shan mai ya dame ni. Ɗana ya gani a YouTube wai ana cire kafireto a sa injekta mai kwamfuta. In saya? (Wani Alhaji, Marwa)

Amsa: Alhaji, ɗanka bai yi ƙarya ba, ana yi. Akwai kayan da ake sayarwa a haɗe, irin su Holley Sniper da FiTech, akwai kuma na masu son wahala, MegaSquirt da Speeduino, waɗanda kai za ka haɗa wayoyi ka saita da kanka. Aikinsu ɗaya: ƙwaƙwalwa, wadda makanikai ke kira burenbos, tana auna iskar da ke shiga da zafin inji da hayaƙin da ke fita, sannan ta fesa man da ya dace, kusan kashi 1 na fetur ga kashi 14.7 na iska in ana tafiya sannu. Kuma a hanyarka akwai ribar gaske. Garwa da kake ratsawa tana ƙasa, Ngaundere tana kan tudu sama da mita 1,000, iska ta fi sauƙi a can. Kafireto bai san an hau dutse ba, yadda aka saita shi haka zai ci gaba da zuba mai. Kwamfuta tana ganewa ta rage.

Sai dai kafin ka ciro kuɗi, wane mai kake sha? Kada ka ce mini na gidan mai, na san mu. Zuwa-zuwa ne na kwalba a bakin titi, wanda ya kwana a jarka, ya sha rana, ya sha ƙura, wani lokaci har da ruwa. Kafireto jaki ne, komai ka ba shi zai haɗiye, in ya shaƙe a kwance shi a gindin bishiya a hura masa iska, a ci gaba da tafiya. Injekta kuwa ramukansa ƙanana ne ƙwarai, kuma famfonsa na lantarki yana tura mai da ƙarfin "bar" 3 zuwa 4, wato ma'aunin matsi, alhali kafireto ko rabin "bar" ɗaya ba ya buƙata. Ke nan sai an wanke tankin nan mai tsatsar shekara talatin, a sa filta biyu, ɗaya kafin famfo ɗaya bayansa, a canza tiyo zuwa mai jure matsi, galibi kuma a ja wani tiyon da zai riƙa mayar da rarar mai cikin tanki. Wanda ya bar tsohon tiyo ya ɗaure da waya, to fetur zai yi wa injin wanka a cikin zafin Afrilu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lantarki. Sau nawa zan faɗa? A daina cire kan batir mota tana aiki wai ana gwada altaneta. Wannan dabarar zamanin Fijo 404 ce, lokacin da babu abin da zai ƙone sai ƙwan fitila. Batir shi ke shanye tsallen wuta. Ka cire shi, tsallen ya tafi kai tsaye cikin burenbos, shi ke nan ka yi jana'izar kuɗinka. Mita mai auna wuta ba ta kai kuɗin buhun albasa ba, a ɗora ta a kan batir mota tana aiki, in ta nuna volt tsakanin 13.5 da 14.5 altaneta lafiya lau. Haka mai walda: salansa za a huda a ɗaura na'urar shinshinar hayaƙi, to a cire burenbos ɗin gaba ɗaya kafin ya kunna injinsa. Masu wanke inji da tiyon ruwa kuwa, Allah ya shirye ku. Kuma wayar wutar burenbos da ta ƙasa su tafi kan batir kai tsaye, ba a laƙa su jikin wayar rediyo ba kamar yadda wani rewaya ya taɓa yi wa motar yayana, muka kwana biyu muna neman aljanin da ke kashe ta.

Sannan kwamfuta ba ta gyara injin da ya gaji. In motar tana shan baƙin mai tana hayaƙi shuɗi, a fara da ringi da bawul. Hayaƙin nan ma shi zai kashe na'urar salansar.

In da ni ne, Alhaji, zan nemi kayan 22R-E na gwanjo, wato ɗan'uwan injinka da Toyota ta yi masa injekta tun daga masana'anta. Ya fi zama daram. Kafireton kuma kada ka sayar, naɗe shi a buhu ka ajiye bayan kujera.

Tambaya: Na sayi ELM327, na'urar karanta matsalar mota, don in duba Hilux ɗita ta 1989 da waya, na rasa inda zan soka shi. (Daga Kuseri)

Amsa: Ba za ka samu ba, ƙanena. Ramin OBD2, inda ake soka shi, sai 1996 ya zama dole a Amurka, a Turai kuma 2001 ga motocin fetur. Ka ba maƙwabcinka mai Corolla aro.

Tambaya: Tawa mai injin 3L ce, ita ma za a iya sa mata? (Daga Njamena)

Amsa: Malam, 3L gas take sha, kuma duk injin gas da injekta aka haife shi. Me za ka cire?

Tambaya: Na haɗa Speeduino, amma TunerStudio, manhajar saita shi, ba ta ganinsa a laftof ɗina. (Ɗalibi, Garwa)

Amsa: Madalla da ƙoƙari. Direba ne, wato manhajar da ke sa laftof ta gane allon: yawancin allunan Arduino Mega masu araha da ake ɗora Speeduino a kansu guntun CH340 ne a cikinsu, sauke direbansa, ka duba lambar COM a Device Manager, ka zaɓe ta, gudun kuma 115200. In har yanzu shiru, canza igiyar USB. Kuma da zarar ta haɗu, kafin ka taɓa ko lamba ɗaya, ajiye fayil ɗin saitin a laftof, ka tura wa kanka kwafi ta WhatsApp, ka sa masa kwanan wata. Na san ba za ka yi ba sai ranar da motar ta ƙi tashi.