Ku Tambaya Mu Amsa: Katin ƙyalli ya faɗi a kasuwa, ga shi kuma ya lanƙwashe

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yayana da ke karatu a Faransa ya aiko mini da katunan wasa na Magic da na Pokémon, masu ƙyalli a ciki sun kai talatin. Na ɓoye su sai sun yi tsada in sayar. Da na duba farashi a intanet sai na tarar wasu kuɗinsu ɗaya da marasa ƙyalli, wasu ma sun fi araha. Kuma duk sun lanƙwashe cikin akwati, alhali ko sau ɗaya ban yi wasa da su ba. Mene ne dalili, kuma da gyara?
Mai karatu daga Yantala, Yamai

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu biyu ne suka haɗu a kan katunanka, ɗaya daga kamfani, ɗaya daga iskar garinmu.

Da can, wuyar samu ce ke sa katin ƙyalli tsada. Kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fito da Magic a 1993, amma sai a 1999 ya soma saka masu ƙyalli cikin ƙunshin da ake saye a rufe, kuma mutum kan buɗe ƙunshi da yawa bai ci karo da ko ɗaya ba. A 2019 lissafin ya sauya. Kamfanin ya ƙara yawansu daga kati 1 cikin 67 zuwa 1 cikin 45, wato kusan kowane ƙunshi uku akwai guda. A shekarar kuma ya fito da wani ƙunshi mai tsada na masu tarawa, wato masu tara katuna don ajiya, wanda akasarin abin da ke cikinsa ƙyalli ne. Masu buɗe irin wannan ƙunshi kati ɗaya ko biyu suke farauta, sauran sai su zube su a kasuwa ko nawa aka taya. Tun daga 2022 ma akwai katunan da ake buga wa lamba, kwafi 500 kacal a duniya, to can kuɗin masu tarawa ya koma. Pokémon ma hanyar ya bi: daga 2023 kowane ƙunshi na Turanci yana zuwa da masu ƙyalli fiye da ɗaya.

Shi kuwa mara ƙyalli, masu sayensa ba sa yankewa, domin da shi aka fi yin gasa. Idan kati ya lanƙwashe har ana iya gane shi ta baya cikin tarin da aka cakuɗa, alƙalin gasa yana iya ɗaukarsa a matsayin kati mai alama, ya sa a cire shi ko ya hukunta mai shi. Wa zai ƙara kuɗi ya sayo wa kansa rigima?

Sai batun lanƙwasa, inda mu ƴan Sahel muka fi kowa shan wahala. Katin ƙyalli ɓawo biyu ne aka manne: takarda a baya, siririn shafe na roba da ƙarfe a fuska. Takarda tana shan laima ta buɗe, ta bushe ta tsuke, kamar ƙofar katako da ke ƙin rufuwa da damina. Shafen fuskar kuwa ba ya motsi. Ɗaya na ja, ɗaya na tsaye, dole katin ya karkata. Mara ƙyalli takarda ce gaba da baya, shi ya sa yake zama a miƙe.

Ka ɗora katin a kan tebur, fuska a sama, ka duba. In tsakiya ta yi tozo, gefuna suna taɓa tebur, bushewa ce ta kama shi, kuma ita za ka gani a Yamai daga hunturu har bazara. In gefuna ne suka ɗago, laima ce ta yi yawa, aikin watan Agusta ke nan. Sai ka san wanne ne kafin ka taɓa komai, domin maganin ɗaya shi ne cutar ɗayan. Ƴan ƙullin tsakuwar nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, Turawa na yawan ba da shawararsu, amma don iskarsu suke magana. Ka saka su da hunturu a nan, lanƙwasar ƙaruwa za ta yi.

Ga wanda ya bushe: samo robar abinci mai murfi da ke rufuwa gam. Jiƙa ɗan auduga, matse shi sosai, sa shi cikin marfin kwalba a kusurwa guda. Jera katunan a ɗaya gefen ba tare da leda ba, kada ruwa ya taɓa su. Rufe, ka riƙa dubawa duk bayan awa biyu ko uku. Da sun miƙe ka fitar, in ka bar su suka kwana suna iya juyawa ɗaya gefen. Nan take ka sa kowanne cikin leda biyu: ƙarama mai kama jiki, milimita 64 da 89, a zura ta sama, sannan babba, 66 da 91, a zura ta ƙasa, yadda bakunansu za su saɓa. Katin kansa 63 da 88 ne. Danne su ƙarƙashin littattafai masu nauyi kwana biyu, sannan ka adana cikin akwatin da iska ba ta shiga, nesa da rufin kwano. Laimar da takarda ke so tana wajen kashi 45 zuwa 55 cikin 100.

Kada ka kusanto da dutsen guga. Zafi na ɗaga shafen daga takarda, kuma wannan ba ya gyaruwa. Haka nan kada ka share ƙura da gefen riga: ƙurar hunturu yashi ce, tana barin zane sirara da ke fitowa ɓaro-ɓaro idan an karkata katin a haske, kuma mai saye abin da ya fara dubawa ke nan. A hure ta da ƴar robar hura iska.

Shawararmu kan sayarwa: waɗanda aka buga daga 2019 zuwa yau, kada ka jira su yi tsada. In akwai na farkon shekarun 2000 a ciki, su ka ware ka lallaɓa. Ka kuma lissafa kuɗin aikawa Turai tukuna, Yuro 1 sefa 656 ne, sau da yawa kuɗin aike ya fi kuɗin katin.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya sayo katunan Pokémon masu ruwan zinare gaba da baya a kasuwa. Suna da daraja?
Wata uwa daga Tawa

AMSA: Hajiya, irin waɗannan na roba masu zinare har baya, da ake sayarwa dami guda da araha, jabu ne, masu tarawa ba sa saye. Na gaske takarda ne, bayansa shuɗi, kuma in kin duba kaurin gefensa da kyau akwai siririn layi baƙi a tsakiya. A bar wa yaro ya yi wasansa da su.